Tukunyar nukiliya ta tafi-da-gidanka: za ta raba soja da dakon man dizal?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tsohon ɗalibinka ne, yanzu ina gyaran janareto a Sabon Gari. Yayana soja ne, daga Defot na nan Zariya ya fito, yana cikin masu raka tankokin mai zuwa sansanoni a Arewa maso Gabas, kullum hankalin Innarmu a tashe yake. Na ji a rediyo wai Amurka tana ƙera 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya da ake ɗorawa a mota a kai wa sojoji wuta duk inda suke. Gaskiya ne? Irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ce? Za ta iya hutar da irin su yayana?

Amsa: Ɗana, barka kadai. Allah Ya tsare yayanka da abokan aikinsa, Ya kwantar wa Inna da hankali. Abin da ka ji gaskiya ne, ana ƙera ta. Sai dai tun daga farko zan gaya maka ra'ayina: tukunyar ce kaɗai take ɗaukuwa. Abubuwan da take buƙata a kewayenta, wato katangar kankare da ƙwararrun ma'aikata da masu gadi da wurin kai dattinta, ba sa shiga kwantena. Wannan ne ya sa nake ganin wurin zamanta sansani ne mai nisa amma mai kwanciyar hankali, ba bakin daga inda yayanka yake kai mai ba.

Tunda kai mai janareto ne, bari mu fara da lissafin da ka fi ni sani. Babban janareton dizal yana shan kimanin rubu'in lita da 'yan kai kafin ya ba da kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Sansanin da ke buƙatar megawat 1 dare da rana zai ƙona kusan lita 6,500 a kullum. A shekara ya haura lita miliyan 2, wato tanka mai cin lita 33,000 sau saba'in da wani abu. In sansanin na megawat 5 ne, kusan kowace safiya sai tanka guda ta shigo. Kowace tanka kuma tana da direba da 'yan rakiya da hanyar da abokin gaba ya riga ya haddace. Wani bincike da rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa a Afganistan a 2007, cikin kowane ayari 24 na dakon mai, ana kashe ko raunata mutum guda. Saboda haka fargabar da ke gidanku ita ce ta haifi wannan shiri a can. A 2016 wani kwamitin masana na ma'aikatar tsaron Amurka ya ba da shawarar a sake duba ƙananan tukwanen nukiliya domin sansanoni na nesa.

Abin da ya ja hankalinsu shi ne yawan zafin da ke ƙunshe cikin yuraniyom. Idan ƙwayoyin zarra na giram 1 na nau'in da ake kira 235 suka tsattsage gaba ɗaya, zafin da za su fitar ya yi daidai da na man dizal lita 2,400 ko kusa da haka. Giram ɗaya fa, abin da bai cika kan cokalin shayi ba. Tukunyar ba ta yin wuta da kanta, zafi take yi. Zafin ya dumama iska ko ruwa, wannan ya juya farfela, farfelar ta juya janareto irin wanda kake kwancewa kullum. Daga farfela zuwa waya, sana'arka ce. Murhun ne kawai ya bambanta.

Shirin da ka ji a rediyo sunansa Pele, kuma ba shi da alaƙa da ɗan ƙwallon Brazil. A watan Maris na 2020 ma'aikatar tsaron Amurka ta ba kamfanoni uku kwangilar zane: BWXT da Westinghouse da X-energy. A watan Yuni na 2022 aka zaɓi BWXT ya ƙera samfurin farko a kan kuɗi kusan dala miliyan 300. Sharuɗɗan da aka gindaya su ne ta ba da wuta tsakanin megawat 1 zuwa 5, ta yi shekara uku ba a ƙara mata makamashi ba, ta shiga kwantenoni masu tsawon ƙafa 20 waɗanda mota ko jirgin ruwa ko jirgin dakon kaya na soja zai iya ɗauka, a haɗa ta cikin kwana uku, a kwance ta cikin kwana bakwai. Kwantena huɗu ne tsarin ya tsaya a kai. A watan Satumba na 2024 aka fara aikin filin gwajinta a babbar cibiyar binciken nukiliya da ke jihar Idaho. Lokacin da aka ba da kwangilar an sa ran kammala ta a 2024, daga baya aka riƙa ɗaga lokacin. Ka riƙe wannan: samfurin gwaji ne guda ɗaya, a cikin hamadar Idaho, nesa da gari, kuma a can ɗin ma cikin ginin kankare mai kauri za a ajiye kwantenar da ke ɗauke da tukunyar.

Inda na fi yaba wa masu zanen shi ne makamashin. Ana kiransa TRISO. Ɗan ƙwallon yuraniyom ne ƙarami, gaba ɗayansa da suturarsa bai wuce milimita 1 ba, kamar ƙwayar acca. An lulluɓe shi da ɓawo huɗu. Na ciki gawayi ne mai laushi kamar soso, wanda ke shanye iskar da tsagewar zarra ke fitarwa. Sai gawayi mai tauri, sai wani ɓawo na silikon da kabon mai ƙarfi kamar tangaran, sai wani gawayin mai tauri a waje. Kowace ƙwaya ta zama kurkukun dattinta. Ana cakuɗa dubbansu cikin girafayit, wato baƙin nan na cikin fensir, a matse su su zama gunduwa-gunduwa. A gwajin da aka yi a Idaho an gasa irin waɗannan ƙwayoyi har zafin digiri 1,800 na ma'aunin Salshiyos na ɗaruruwan awoyi, suka riƙe kusan duk abin da ke cikinsu. Ƙarfe na narkewa a kusan digiri 1,500. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1960 Ingila da Jamus suka fara ta, kuma a watan Disamba na 2023 ƙasar Sin ta fara sayar da wuta daga tashar Shidaowan mai amfani da irin wannan makamashi.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci? Saboda tukunyar nukiliya ba ta mutuwa kamar janareto. Kai in ka murɗa makulli, injin ya tsaya, bayan awa ɗaya ka sa hannu. Ita kuwa ko an tsayar da tsagewar zarra, dattin da ya taru a cikinta yana ci gaba da fitar da zafi, kamar garwashin da ke kwance ƙarƙashin toka bayan an janye itace. A daidai lokacin da aka kashe ta, wannan zafi ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfinta, bayan awa ɗaya ya sauko zuwa kashi ɗaya da rabi, daga nan ya riƙa raguwa sannu a hankali. Shi ne ya narkar da tukwanen Fukushima a Japan a watan Maris na 2011, bayan igiyar teku ta kashe janaretocin da ke tura ruwan sanyaya su. Ƙaramar tukunya mai makamashin TRISO an zana ta ne yadda ko famfo ya tsaya, zafin zai sulale ta jikin ƙarfe zuwa iskar waje ba tare da ya kai inda ƙwayoyin za su fashe ba. Ƙanƙantarta ita ce ke taimaka mata a nan, kamar yadda kofin koko ke hucewa kafin ƙatuwar tukunya. Na gamsu da wannan ɓangare na zanen.

Amma wannan garwashi shi ne kuma ke ɗaure ƙafar tafi-da-gidanka. Kafin a kunna ta, tukunyar kaya ce kamar kowane kaya, ana iya tsayawa kusa da ita. Daga ranar da ta yi aiki ta zama wani abu dabam. Tururin nukiliya da ke fita daga cikinta yana ratsa ƙarfe, ba ya ganuwa, ba ya wari. Kwana bakwai ɗin nan da aka ce na kwance ta, har da jiran ta huce a cikinsu. Ka yi tunanin kwamandan da aka ce masa ya janye mutanensa kafin asuba. Janareto zai iya bari, ko ya cinna masa wuta ya tafi. Wannan ba ya iya barinta, ba ya iya ɗaukarta.

Ba yau aka fara gwada wannan ba, kuma tarihin ya cancanci a tsaya a kansa. Daga 1954 zuwa 1977 sojin ƙasa na Amurka suna da shirinsu na wutar nukiliya, suka gina tukwane takwas. Ta farko ta fara aiki a 1957 a barikin Fort Belvoir. A 1960 suka kai wata gunduwa-gunduwa zuwa Girinland suka haɗa ta a wani sansani da aka haƙa ƙarƙashin ƙanƙara, ta yi kusan shekara uku aka kwashe ta, aka bar gurɓataccen ruwa a cikin ƙanƙarar. Wata ta yi aiki a sansanin McMurdo da ke Antatika daga 1962 zuwa 1972, ta sha lalacewa da yoyo, da aka rufe ta sai da aka kwashe dubban tan na ƙasa da duwatsu aka loda a jirgin ruwa zuwa Amurka. Wata kuma mai megawat 10 an ɗora ta a kan tsohon jirgin ruwa mai suna Sturgis, ta ba yankin mashigin Panama wuta daga 1968 har tsakiyar shekarun 1970, kuma ita ta yi abin kirki. Wadda aka yi musamman domin ɗauka a mota, ML-1, ba ta taɓa kai ƙarfin da aka zana mata ba, aka soke ta a 1965 lokacin da yaƙin Biyetnam ke cinye kuɗi. Mafi muni shi ne daren 3 ga Janairu 1961, a wannan fili na Idaho, inda ma'aikaci ya zaro sandar da ke daidaita tukunyar SL-1 fiye da kima, ƙarfinta ya yi tsalle cikin ƙiftawar ido, ta fashe, sojoji uku da ke wurin duka suka rasu. Tarayyar Sobiyet ma ta gwada: a 1961 ta ɗora wata a kan motoci huɗu masu ƙafar tankar yaƙi, ta kuma yi wata mai suna Pamir a Belarus, wadda aka dakatar bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986. Dukansu sun nuna abin yana yiwuwa. Abin da ya kayar da su shi ne tsada da wahalar kulawa, a zamanin da mai yake da arha.

Za ka ce, to jiragen yaƙi na ruwa na Amurka fa? Tun 1955 da jirgin ƙarƙashin teku mai suna Nautilus ya shiga teku suke tafiya da nukiliya lafiya lau. Haka ne. Amma jirgi yana da tekun da zai sanyaya shi, yana iya ɗaukar garkuwa mai nauyin ɗaruruwan tan, ma'aikatansa suna kwana tare da tukunyar shekara da shekaru, kuma babu ƙauye a gefensa. Sansanin tudu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai batun hari. Masana irin su Alan Kuperman na Jami'ar Texas da Edwin Lyman sun daɗe suna nuna wannan rauni. A ranar 8 ga Janairu 2020 Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ain al-Asad a Iraƙi, suka faɗi daidai kan gine-ginen da aka nufa. A ce akwai tukunya a wurin. Ba za ta tashi kamar bam ɗin nukiliya ba, wannan ba ya yiwuwa da irin makamashinta, kada kowa ya tsorata ka da shi. Abin da zai faru shi ne ƙwayoyin nan masu kama da acca su watsu cikin sansani da gonakin da ke kewaye, kowace tana fitar da tururi mai cutarwa, wasu kuma ɓawonsu ya fashe. Juriyar zafi dabam, juriyar bam dabam. In aka ce a binne ta a ƙasa a zuba kankare, an kare ta, amma ta daina zama ta tafi-da-gidanka. Ni a ganina wannan ƙulli ne da har yanzu zanen bai kwance ba, kuma yanzu da jirage marasa matuƙa suka yi arha har ƙungiyoyin 'yan bindiga na sayensu, ƙullin ya ƙara tamkewa.

Ina ganin su kansu Amurkawan sun karkata zuwa nan. Ka duba inda sababbin shirye-shiryensu suka dosa. Sansanin sojin sama na Eielson a Alaska, wanda ke ƙona kwal da ake kawo masa ta jirgin ƙasa cikin tsananin sanyi, shi aka ware domin gwada ƙaramar tukunya ta zama wuri ɗaya, kuma a 2025 aka bayyana aniyar ba kamfanin Oklo aikin. A watan Mayu na 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a umarnin cewa a samu tukunya mai aiki a wani sansanin soja na cikin ƙasar kafin ƙarshen Satumba 2028, sannan a watan Oktoba sojin ƙasa suka sanar da shirin Janus domin cika wannan umarni. Duk waɗannan a cikin gida ne, inda damuwar ita ce kada babban layin wuta ya yanke ya bar na'urorin hangen jirage da rumbunan kwamfuta cikin duhu.

Akwai kuma matsalar samun makamashin. Yuraniyom da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, kashi 0.7 cikin 100 ne kawai nau'in 235. Manyan tashoshi suna amfani da wanda aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5. Ƙananan tukwane suna son wanda ya kusa kashi 20, domin su yi ƙanƙanta su kuma daɗe. Shekaru da yawa Rasha ce kaɗai ke sayar da irin wannan a kasuwa. Sai a ƙarshen 2023 kamfanin Centrus ya fara yin sa a jihar Ohio, kuma kilo 20 ne ya fara miƙawa. Na Pele an samo shi ne ta hanyar sirka tsohon yuraniyom mai ƙarfi da gwamnatin Amurka ke da shi a ajiye. Ƙasar da ba ta da irin wannan rumbu sai ta jira a sayar mata.

Yanzu ga tamu ta Samaru. Tukunyar da ke Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a watan Fabrairu na 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne na zafi, kamar a jona dutsen guga talatin a lokaci guda, kuma ba ta ba da wutar lantarki ko ta ƙwan fitila ɗaya. Na sha jin mutane a gari suna cewa me ya sa ba a ja wa Samaru wuta daga can ba. Ba domin haka aka yi ta ba. Aikinta shi ne a saka ɗan samfurin ƙasa ko ma'adini ko hatsi a ciki, ƙwayoyin niyutiron da tsagewar zarra ke fitarwa su buge shi, a auna abin da ya fitar a gane sinadaran da ke cikinsa. Tana zaune cikin tafkin ruwa, a gini guda, ba ta motsi. Dangantakarta da Pele kamar ta fitilar ƙwai ce da murhun gidan burodi.

Amma ta koya mana darasin da ya shafi tambayarka kai tsaye. Da farko makamashinta yuraniyom ne da aka tace zuwa kashi 90 cikin 100, irin wanda ake iya yin makami da shi, kimanin kilo 1. A 2018 aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Zuciyar tukunyar ba ta wuce girman ƙaramin bokiti ba, amma fitar da ita daga Zariya sai da ta ci shekaru ana shiri tsakanin Najeriya da Sin da Amurka da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Aka kawo akwati na musamman mai nauyin tan-tan, aka horas da ma'aikata, aka sa rakiyar sojoji a hanyar Zariya zuwa filin jirgin Kaduna, aka ɗauko ƙaton jirgin dakon kaya. Duk wannan saboda kilo ɗaya, tafiya ɗaya, a hanyar kwalta. To ka auna tukunyar da ta ninka ta ƙarfi sau ɗaruruwa, wadda ta yi shekara uku tana tara datti, a ce za a bi da ita hanyar da yayanka ke bi.

Ga shari'a kuma. Najeriya tana cikin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta su a Afirka. Kowane giram na makamashinmu yana ƙarƙashin idon masu binciken hukumar duniya da na hukumar kula da nukiliya ta ƙasa. Amurka tana cikin ƙasashe biyar da yarjejeniyar ta amince suna da makami, ba a tilasta wa sojojinta buɗe wa masu binciken hukumar duniya ƙofa ba. Mu in muka ce za mu sa tukunya a hannun soja, ko da ta wuta ce zalla, sai an zauna doguwar tattaunawa a kan yadda masu bincike za su riƙa shiga bariki.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa, wanda kai za ka gane nan take: tukunyar wutar lantarki take bayarwa, ba mai ba. Motar sulke da Hilux da jirgin sama duk mai suke sha. Ko an kawar da janaretocin sansani gaba ɗaya, tanka ba za ta daina zuwa ba, sai dai ta ragu.

Raguwar nan kuwa muna iya samunta yau ba tare da yuraniyom ba. Ƙaramin sansani a Borno ko Yobe ba megawat 5 yake nema ba. Buƙatarsa rediyon sadarwa, fitilun tsaro, famfon rijiyar burtsatse, firjin magani, cajin batiran na'urori da fanka, abin da gomman kilowat ko 'yan ɗaruruwa za su ɗauka. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita a wannan yanki fiye da yawancin duniya. Faifan sola da batir su ɗauki yini da farkon dare, janareto ya cike giɓi. Ka san kuma yadda babban inji ke shan mai a banza in an ɗora masa ɗan ƙaramin lodi, har ya riƙa tofar da baƙin mai ta salansa. Haɗa injuna biyu ko uku a layi ɗaya, yadda ɗaya zai yi aiki da cikakken lodi sauran su huta, shi kaɗai yana rage mai sosai. In harsashi ya fasa faifan sola, asarar faifai ɗaya ce, a share gilashi a sa wani. In an ce a tashi, a tashi.

Ina son fasahar nan, na kashe rayuwata ina koyar da ita, kuma ina fatan in ga ranar da ɗaliban da aka horas a Samaru za su kula da tashar da ke ba asibiti ko masana'anta wuta a ƙasar nan. Idan gwajin Idaho ya yi kyau, amfaninsa zai fara isa ga tsibirai da ma'adinai da garuruwan da layin wuta bai kai ba, kuma daga can ne za mu ga ainihin farashin kowane kilowat. Amma tankar da yayanka zai raka a watan gobe, abin da zai rage ta yana hannun masu sana'a irin taka. In kana da hali, ka ƙara koyon haɗa sola da inbata da janareto a layi ɗaya, ka zo ka same ni ranar Asabar bayan la'asar in nuna maka yadda ake lissafin lodin sansani. Ka gaida Inna, ka ce muna taya ta addu'a.